Louis Spohr, sarkin makaɗan Kassel: fada ta ba shi komai amma ta riƙe masa ƙafa

A shekarar 1851 akwai wani dattijo ɗan shekara 67 a garin Kassel na ƙasar Jamus, sunansa Louis Spohr, wanda in aka zo lissafin manyan masu kiɗa na Turai a lokacin ba a kai mutum biyar ba a ambaci sunansa ba, a Landan in ya shiga zauren kiɗa miƙe masa ake yi, amma sai ga shi yana zaman jiran sarkin garinsu ya sa hannu a takardar hutunsa na wata biyu, hutun da yake rubuce ƙuru-ƙuru a cikin kwantiraginsa. Sarki ya ƙi sa hannu. Ba wai an ce masa ga dalili ba, ƙi kawai ya yi. Dattijo ya haɗa kayansa ya yi tafiyarsa ba izini, da ya dawo ya tarar an zaftare masa albashi, ya kai ƙara kotu, aka yi ta shari'a wajen shekara huɗu, ƙarshenta shi aka kayar.

Toh in mutum yana so ya gane yadda akai har hakan ta faru, sai ya fara gane wane irin aiki ne wannan da Jamusawa suke ce wa Hofkapellmeister, wato shugaban makaɗan fada, da kuma yadda ita kanta Jamus ɗin take a wancan zamani.

Jamus ta lokacin ba ƙasa ɗaya bace. Sai a 1871 aka haɗe ta. Kafin nan tarin ƙananan masarautu ne, ko bayan yaƙin Napoliyon da aka rage su a 1815 sun kai 39, kowacce da sarkinta da sojojinta da baitulmalinta, kuma kowane sarki yana so a ce fadarsa tafi ta maƙwabcinsa ƙawa. Hanya ɗaya ta nuna isa ita ce ka ajiye ƙungiyar makaɗa taka ta kanka, da mawaƙa, da gidan ofera (wasan kwaikwayo ne da ake rera shi gaba ɗaya da waƙa). Shi kuma shugaban makaɗa shine mai ɗauke da nauyin duk wannan, shi zai rubuta sabon kiɗa in ana bikin ranar haihuwar sarki ko auren ɗiyarsa, shi zai ja atisaye, shi zai tsaya gaba ranar wasa, shi zai nemo mawaƙa ya kuma raba faɗa tsakaninsu in sun kaure. Mu nan mun san makaɗan fada, mun san mutum ya zama makaɗin sarki kaza, sarki ya ba shi gida da doki da riga, shi kuma ba shi da ikon ya je ya yi wa wani basarake kiɗa sai da yardar ubangidansa. Kusan haka abin yake, bambancin dai su a can a rubuce ake komai, kiɗan a takarda yake, albashi ne ake biya ba kyauta ba, kuma akwai kwantiragi wanda a ƙa'ida ya kamata shi ma sarkin ya ɗaure shi.

Kuma waɗanda suka riga Spohr sun ɗanɗana. Bach da ake ji da shi, a 1717 sarkin Weimar kulle shi ya yi kusan wata guda saboda ya matsa sai an sallame shi ya koma wata fadar. Haydn ya yi kusan shekara talatin yana sa kayan barori a gidan Esterházy. Mozart kuwa a 1781 da shuri aka fitar da shi daga hidimar babban limamin Salzburg. Spohr ya zo ne a daidai lokacin da wannan tsarin ya fara girgiɗi, mutanen gari sun fara biyan kuɗin tikiti su saurari kiɗa, masu buga takardun kiɗa sun fara biyan marubuta, amma dai har lokacin abinci mai tabbas a fada yake.

An haife shi ranar 5 ga Afrilu 1784 a Braunschweig, ya tashi a wani ƙaramin gari Seesen, babansa likita ne mai busa sarewa don nishaɗi, mamarsa tana waƙa tana kaɗa fiyano. Shi gogen Turawa ya kama, wato bayolin, tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar babansa ya tura shi Hamburg wai ya je ya nemi suna da kuɗi da gogensa, yaro ya je ya tarar ba lokacin tarukan kiɗa bane, masu kuɗin garin duk sun tafi gidajen gonarsu, guzuri ya ƙare, ya tako da ƙafa har Braunschweig. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa ya rubuta takardar koke ya je ya tare sarki Karl Wilhelm Ferdinand yana zagaya lambun fada ya miƙa masa. Sarkin shi ma yana taɓa goge, ya saurare shi, a 1799 ya ɗauke shi cikin makaɗan fada.

A nan ya fara ganin abin da ya tsaya masa a rai har tsufansa. Kamar yadda ya bada labari a tarihin rayuwarsa da ya rubuta, matar sarki in za a yi kiɗa a ɓangarenta karta ake bugawa, kuma don kada kiɗa ya dame masu karta sai aka shimfiɗa kafet mai kauri a ƙarƙashin makaɗan, aka hana ganga da kakaki, aka ce kowa ya kaɗa a hankali. Kaga mutane sun kwana suna atisaye, sun zo suna kiɗa, abin da ake ji a ɗakin shine kiran 'yan karta. Rannan yaro yana gwada wani sabon kiɗa da ya rubuta, daɗi ya kwashe shi ya manta da doka ya saki hannu, sai ga bara ya zo ya riƙe masa hannu ya ce gimbiya ta ce ya daina wannan gurzar. Shi kuma ya ƙara ƙarfi. Aka kai ƙararsa, sarki ya yi dariya ya kashe maganar. Ni dai a ganina duk rigingimun da ya yi da masu mulki daga baya daga wannan kafet ɗin suka samo asali, domin tun a nan ya yanke cewa kiɗa abu ne da ake zama a saurara, ba wai abin cika ɗaki da sauti ana hira ba.

Amma fa sarkin nan ya yi masa halacci, shi ya biya aka haɗa shi da wani gwanin goge Franz Eck suka tafi har St. Petersburg ta Rasha a 1802 zuwa 1803, yana koyo a hanya. A can wani abokinsa ya ba shi kyautar goge ƙirar Guarneri, irin gogen Italiya da yau kuɗinsa sai dai banki. A 1804 ya kama hanyar Faris da shi, ya sa gogen a akwati aka ɗaure a bayan keken doki, da magariba suna dab da shiga Göttingen ya leƙa ya ga babu akwati, an yanke igiya. Washegari aka tsinci akwatin a bayan gari an fasa, gidan gogen wayam, sai bakan kawai da yake maƙale a murfi ɓarayin basu lura da shi ba. Tafiyar Faris ta fasu kenan. Ya koma gida ya nemi wani gogen, a watan Disamba na wannan shekarar ya yi wasa a Leipzig, wani mai sharhin kiɗa da ake jin maganarsa, Friedrich Rochlitz, ya rubuta yabonsa a mujallarsa, daga nan sunan yaro ɗan shekara ashirin ya zagaye Jamus.

A 1805 aka ba shi jagorancin makaɗan fadar Gotha, a can ya haɗu da Dorette Scheidler, 'yar shekara 18 mai kaɗa haf (wannan dogon abin kiɗan mai tsirkiya da yawa da ake jinginawa a kafaɗa), suka yi aure a farkon 1806. Auren nan har cikin sana'a ya shiga, ya dinga rubuta kiɗan goge da haf suna yawo gari gari suna yi tare, har ya ƙirƙiro dabarar a sassauta tsirkiyoyin haf ɗin kaɗan ƙasa da yadda aka saba, don kada su riƙa tsinkewa kuma sautin kayan biyu ya zauna da juna. Da suka je Stuttgart suka tarar shi ma sarkin Württemberg karta yake bugawa lokacin kiɗa, Spohr ya ce shi da matarsa ba za su kaɗa ba sai an ajiye karta. Abin da ba a taɓa yi ba kenan a fadar, amma aka yarda, da sharaɗin su yi nasu guda biyun a jere don kada a daɗe ana jira. Suna gamawa aka dawo da tebura.

Akwai wani labari na 1808 da nake so ƙwarai saboda yana nuna irin mutumin. Napoliyon ya tara sarakuna a Erfurt, har da sarkin Rasha Alexander, kullum da dare ana yi musu wasan kwaikwayo na Faransa, talaka kuwa ba shi da hanyar shiga. Spohr ya tako daga Gotha da ɗalibansa, ya shirya da makaɗan gidan wasan su ba su gurabensu, ɗaliban suka samu gurbin masu goge, shi kuma babu abin da ya rage sai gurbin mai busa ƙaho na biyu, abin da bai taɓa busawa ba. Ya wuni yana koyo har leɓɓansa suka kumbura. Da suka shiga kuma aka ce makaɗa su ba sarakuna baya, an hana kowa waiwaye, sai ya zaro ɗan madubi da ya ɓoyo a aljihu ya dinga kallonsu ɗaya bayan ɗaya ta ciki.

A Gotha ɗin ne kuma ya fara rubuta wa Johann Simon Hermstedt kiɗan kilarinet, wata irin sarewa ta baƙin katako. Spohr bai san iyakar kayan sosai ba, ya rubuta abin da kilarinet ɗin lokacin ba za ta iya ba, ya ce in da gyara a faɗa masa ya sauƙaƙa, shi kuwa Hermstedt maimakon a taɓa kiɗan sai ya je aka ƙara wa sarewar tasa maɓallai har ta iya. Guda huɗu ya rubuta masa gaba ɗaya, kuma yau suna cikin abin da yafi rayuwa a ayyukansa.

Daga 1813 zuwa 1815 yana Biyana babban birnin Austriya, yana jan makaɗan gidan wasa na Theater an der Wien. A nan ya saba da Beethoven, shahararren mai rubuta kiɗa, suna cin abinci wuri ɗaya, yana ma cikin masu gogen da suka kaɗa simfoni (dogon kiɗa ne na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa) na bakwai na Beethoven ranar da aka fara jinsa a Disamba 1813, kuma shine ya bar mana bayanin yadda Beethoven yake jagoranci, in kiɗa ya yi ƙasa sai ya durƙusa har ya kusa ɓacewa a bayan teburin takardu, in ya tashi sai ya daka tsalle. Ya kuma bada labarin wata rana da ya je gidansa ya tarar yana atisaye a fiyanon da sautinta ya karkace shi bai sani ba saboda kurunta, inda ya kamata a buga a hankali yatsunsa suna taɓawa amma sauti baya fita, Spohr ya ce baƙin ciki ne ya rufe shi. Duk da haka bai ɓoye ba cewa ayyukan Beethoven na ƙarshe basu kwanta masa ba, ɓangaren ƙarshe na simfoni na tara ma cewa ya yi babu ɗanɗano a ciki. Mutane suna yawan kama wannan su ce kaga mai hassada, ni ban yarda ba, domin shi ɗin dai shine ya tsaya ya jagoranci wannan simfoni na taran a Bonn a 1845 lokacin da aka buɗe mutum-mutumin Beethoven. Kunnensa a kan Mozart aka gina shi, abin da ya wuce wannan ma'aunin yana yi masa nauyi, amma baya hana a ji.

A Biyana wani attajirin masaƙa Johann Tost ya yi masa wani irin ciniki, ya ce duk abin da ka rubuta zan biya ka, amma takardun suna hannuna shekara uku, duk mai so a kaɗa sai ya zo wurina kuma sai ina wurin. Dabarar Tost ita ce ya samu shiga gidajen manya ta hanyar kiɗa ya ƙulla kasuwanci. Daga wannan cinikin aka samu kiɗan mutum tara na 1813 da har gobe ake yi. Ya rubuta oferarsa Faust a wannan shekarar, wani shugaban makaɗa Carl Maria von Weber ya fara nuna ta a Prague a 1816. Sai Italiya, inda ya lura mutanen Milan waƙar ofera kawai suke so, don haka ya rubuta kwanceto na takwas (kiɗa ne da goge ɗaya yake gaba sauran makaɗa suna amsa masa) ya sa gogen ya riƙa yi kamar mace ce take rera waƙa a dandali. Sai Frankfurt daga 1817 zuwa 1819, inda 'yan kasuwa ne suke riƙe da gidan ofera, kullum maganarsu nawa aka samu a ƙofa, ya gaji ya ajiye. Wannan wurin yana da muhimmanci, domin ya ɗanɗana aiki ƙarƙashin masu kuɗi ya ga su ma ba 'yanci suke bayarwa ba.

A 1820 ya je Landan karo na farko bisa gayyatar ƙungiyar masu kiɗa ta Philharmonic Society. A lokacin yadda ake jan makaɗa a can shine mutum biyu ne, ɗaya yana zaune a fiyano da takarda, ɗaya kuma babban mai goge yana kaɗawa yana buga ƙafa ko yana kaɗa baka a iska in an fara watsewa, in makaɗa sun kai sittin kaga ai sai rikici. Spohr ya ce shi ya zaro 'yar sanda daga aljihu ya tsaya gabansu da cikakkiyar takardar kiɗan yana nuna wa kowa inda zai shigo. Masana tarihi suna ganin a wajen atisaye ya yi hakan, kuma sandar bata zauna a Landan ba sai bayan shekaru, amma dai yana sahun farko na waɗanda suka mayar da jagorancin makaɗa aikin mutum ɗaya mai sanda kamar yadda ake gani yau. Shi ake danganta wa sa haruffa A, B, C a jikin takardar kiɗa don in an tsaya a atisaye a ce mu koma daga C kowa ya gane, ba sai an dawo farko ba. Kuma wajen 1820 ɗin ne ya ƙirƙiro ɗan katakon da ake maƙalawa a gindin goge mai kiɗa ya ɗora haɓarsa, wanda ya 'yantar da hannun hagu ya riƙa zirga-zirga ba tare da tsoron goge ya suɓuce ba. Duk yaron da ya ɗauki bayolin yau a ko'ina a duniya yana ɗora haɓa a kan dabarar Spohr ko bai taɓa jin sunansa ba.

Toh sai Kassel. Sabon sarkin Hesse, masarautar da Kassel ce babban birninta, Wilhelm na biyu, ya hau a 1821 yana so gidan oferarsa ya yi suna, aka nemi Weber, Weber yana Dresden ya ce a'a amma ga Spohr. A farkon 1822 ya kama aiki, kwantiragi na har ƙarshen rai, albashi mai kyau, da hutu duk shekara. Mutum mai mata da 'ya'ya mata uku, matar kuma lafiyarta ta fara hana ta kaɗa haf, ya gaji da kwana a keken doki, waye zai ga laifinsa? Kuma shekaru goman farko sun yi albarka sosai. Ya gyara ƙungiyar makaɗan ta zama cikin na gaba a Jamus, ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta mutanen gari, ya sa kuɗin wasu tarukan kiɗa suna shiga asusun matan makaɗan da suka mutu da marayunsu. A 1823 ya fito da Jessonda, ofera a kan wata bazawara a Goa ta Indiya da za a ƙona tare da gawar mijinta wani janar ɗan Fotugal ya cece ta, kuma ya yi ta da waƙa tun daga farko har ƙarshe babu maganar baka a tsakani, abin da ba a saba ba a oferar Jamusanci. Ta yi kusan shekara ɗari ana nuna ta, sai zamanin 'yan Nazi aka hana saboda Bature yana son Ba'indiya a ciki. A 1826 ya yi Die letzten Dinge, doguwar waƙar addinin Kirista a kan tashin ƙiyama, wadda Ingilawa suka ɗauka kamar tasu. Littafinsa na koyon goge ya fito a farkon shekarun 1830, ɗalibai kuwa sun kai wajen 200 daga ƙasashe daban daban, cikinsu har da Ferdinand David wanda Mendelssohn ya rubuta wa shahararren kwancetonsa.

Abin ya fara lalacewa ne daga 1830. Guguwar juyin juya hali ta taso daga Faransa, mutanen Kassel suka tilasta wa sarki ya amince da kundin tsarin mulki a 1831, ga kuma ƙiyayyar da suke yi wa farkarsa da ya ɗaukaka, sarki ya yi fushi ya bar garin ya bar wa ɗansa Friedrich Wilhelm riƙo. Kuɗin ofera ya ragu, har aka rufe ta na wani lokaci. Shi kuma Spohr bai iya ɓoye ra'ayi ba, yana tare da masu son tsarin mulki da majalisa, kowa ya sani, sabon mai gidan kuwa babu abin da ya tsana kamar wannan. A 1834 Dorette ta rasu, a 1836 ya auri Marianne Pfeiffer wadda danginta ma 'yan wannan ra'ayin ne, abin ya ƙara zafi.

Daga nan sai ƙananan wulaƙanci da basa ƙarewa. Korarsa ba ta yiwuwa, sunansa ya yi girma kuma shine adon masarautar, don haka sai aka koma riƙe shi ta wajen izini. A 1839 ya je Norwich a Ingila aka yi masa tarba ta girma, suka roƙe shi ya rubuta musu sabon aiki, ya rubuta a kan faɗuwar Babila, da 1842 ta zo lokacin da zai je ya jagoranta Friedrich Wilhelm ya hana, har daga manyan gwamnatin Ingila aka roƙa ya ƙi, sai wani ne ya ja kiɗan mai shi yana zaune a Kassel. A 1847 da ya cika shekara 25 a aiki aka yi masa biki aka ƙara masa muƙami zuwa babban daraktan kiɗa, wato da hannu ɗaya ana shafa shi da ɗayan ana maƙure shi. Da juyin 1848 ya zo dattijo ya yi murna a fili, har a littafin da yake jera ayyukansa ya rubuta a gefen wani kiɗan mutum shida cewa ya yi shi ne a lokacin da jama'a suka tashi neman 'yanci da haɗin kan Jamus. Juyin ya rushe, a 1850 sojojin Bavariya suka shigo Hesse suka dawo wa sarki da ikonsa, shekara ɗaya bayan nan aka yi rigimar takardar hutun.

Maganar Wagner, mai rubuta ofera, ita ce tafi bani mamaki a rayuwarsa. Ga mutumin da ake ce wa ɗan gargajiya, wanda ƙarshen Beethoven ma ya yi masa tsauri, amma a 1843, 'yan watanni bayan an fara nuna Der fliegende Holländer ta Wagner a Dresden, shine babban mutum na farko da ya ɗauki oferar wannan matashin ya nuna a Kassel, yana ɗan shekara 59. A 1853 ya kuma nuna wata oferarsa Tannhäuser, alhali a lokacin Wagner ɗan gudun hijira ne ana nemansa saboda hannunsa a boren Dresden na 1849. Ya so ya yi Lohengrin sarki ya hana. Ba wai komai na Wagner ne ya yi masa ba, ya faɗi inda yake ganin hayaniya ta yi yawa, amma ya gane akwai baiwa a wurin kuma ya ga aikinsa ne ya bari mutane su ji. Shugaban makaɗa na gari kenan a wurina, wanda baya mayar da dandali gidan son ransa.

Me ya hana shi tafiya? Wannan ita ce tambayar da take damuna duk lokacin da na bi tarihinsa. Ingila tana sonsa, ya je sau shida, da ya zauna can da ya yi arziki. Amma gidansa da lambunsa da ɗalibansa da makaɗan da ya raina da hannunsa duk suna Kassel, ga alkawarin albashi har mutuwa, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya zaɓi ya zauna ya yi ta jayayya ta hanyar takarda da kotu, yana ganin kwantiragi zai kare shi, alhali a ƙasar da sarki yake yaga kundin tsarin mulki ma kwantiragin mai goge ba komai bane. A ƙarshen 1857 aka yi masa ritayar dole da fansho ƙasa da albashinsa, duk da alkawarin har ƙarshen rai, bayan shekara 35. Cikin hunturun nan ya faɗi ya karya hannun hagu, goge ya ƙare. Ya rasu ranar 22 ga Oktoba 1859. Shekara bakwai bayan nan, a 1866, Prusiya ta haɗiye masarautar Hesse-Kassel, sarkin da ya hana shi hutu aka kama shi aka tafi da shi, ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira a Prague. A 1883 mutanen Kassel suka kafa wa Spohr mutum-mutumi a dandalin ofera na garin.

Saura maganar yadda suna irin wannan ya dusashe, domin ya bar aiki kusan 300, simfoni goma, ofera goma, kwanceton goge goma sha biyar masu lamba, kiɗan mutum huɗu guda 36, amma yau ko a Jamus ba kowa ya san shi ba. Wani ɓangare laifin zamani ne, Wagner da Brahms da Liszt sun zo sun cika fili, a fagen goge kuma salon Paganini mai ban al'ajabi ne ya ci kasuwa, shi kuwa Spohr yana ganin irin wasa da bakan nan rage darajar goge ne, shi dai a ja baka a nutse goge ya yi waƙa. Amma wani ɓangaren daga shi ne, kuma a nan nake ganin zaman Kassel ya yi masa illa. Ya samo salonsa da wuri, wani irin zaƙi mai taushi da sauti yake zamewa a hankali daga wannan zuwa wancan, tun yana ɗan talatin ya gama ƙwarewa a kai, daga nan ya yi kusan shekara arba'in yana maimaitawa a gari ɗaya inda babu wanda ya isa ya ce masa malam wannan ai ka taɓa yi. Ra'ayoyin sabbin abubuwa kam yana da su, ya yi kiɗan ƙungiya biyu na mutum hurhuɗu suna amsa wa juna, ya yi simfoni na shida a 1839 inda kowane ɓangare yake kwaikwayon wani zamani tun daga na Bach, amma ko wane kaya ya sa wa kiɗan muryar ciki ɗaya ce, masu sharhi tun yana raye suka fara faɗin haka.

Shi yasa in za ka neme shi, nemi na shekarun da yake yawo yana neman abinci da gogensa. Kwanceto na takwas ɗin nan na Milan yana YouTube, har gwanin goge Jascha Heifetz ya ɗauke shi a faifai, minti ashirin ne ko ƙasa da haka, sai kiɗan mutum tara na 1813 da kwanceton kilarinet na farko da ya sa Hermstedt ya ƙara wa sarewarsa maɓallai.